Radi mai doguwar saiwa: ko zai yi wa ƙasar Yelu sutura?

Duk wanda ya tashi daga Gaya ya nufi Yelu cikin watan Maris zai ga abu biyu da ba su yi kama da juna ba. A cikin kwarin Dallol Mauri, inda ruwa yake kusa, ga rake da rogo da dankali da albasa sun yi kore shar a ƙarƙashin giginyu. A kan tudu kuwa gonakin hatsi da dawa suna kwance tsirara. An kwashe kara, an ɗaure harawa an ɗora bisa itace, bisashe sun cinye abin da ya saura, iska tana ɗibar ƙasar sama tana tafiya da ita. Tun daga girbi cikin watan Oktoba har zuwa saukar ruwan shuka a watan Mayu ko Yuni, watau wata bakwai ko fiye, babu abin da ya tsare gonar daga rana da iska.

Yelu ƙaramar hukuma ce a gundumar Gaya, cikin jihar Doso, daf da iyakar Najeriya, kuma ba ta da nisa da iyakar Benin. Wannan yanki ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kusan milimetir 800 a shekara. Amma jama'a ta ƙaru, gonaki sun rarrabu tsakanin magada, kuma saura, watau gonar da ake bari ta huta shekaru, ta yi wuyar gani. Gonar da ba ta hutawa, ba a mayar mata da abin da aka ɗebe, sa'an nan a bar ta tsirara rabin shekara, ƙarfinta raguwa yake yi kowace damana.

Domin maganin wannan ne manoma a ƙasashe da yawa suke shuka wani tsiro tsakanin girbi da shuka ta gaba, wanda aikinsa kawai shi ne ya rufe ƙasa ya ciyar da ita. Ana iya kiransa shukar sutura. A cikin ire-irensa, radi ne sunansa ya fi tashi a shekarun nan, har labarinsa ya shiga littattafan malaman gona da wayoyin samari. Ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan radi, wane aiki yake yi a inda ya fito, da kuma abin da zai iya da wanda ba zai iya ba a ƙasa irin ta Yelu.

Wane irin radi ne

Masu garka na kewayen Yamai sun san radi ɗan ƙarami ja, mai kama da goro, wanda ake cirewa bayan kwana 25 ko 30 a yanka cikin salati. Wanda ake magana a kansa ɗan'uwansa ne, amma fari ne dogo. Mutanen Japan sun daɗe suna noma shi don abinci, suna kiransa daikon. Jikinsa mai kauri yakan kai tsawon santimetir 30 zuwa 50, kusan kamu guda. Daga ƙarshen jikin akwai wata siririyar saiwa da ke ci gaba da nutsewa, wadda takan wuce metir ɗaya idan ta samu hali. Ganyensa faffaɗa ne, yana buɗewa ya rufe ƙasa cikin mako huɗu ko kusa da haka. Danginsu ɗaya da shu, kuma wannan dangantaka tana da muhimmanci, kamar yadda za a gani a gaba.

A Jamus da Holan an daɗe ana shuka wani irinsa bayan girbi domin rage wasu ƙananan tsutsotsi na cikin ƙasa masu ɓata gwozar da suke yin sukari da ita. A kudancin Barazil ma manoma suna sa shi cikin gonakin da ba a kaftu. Amma abin da ya sa sunansa ya bazu shi ne binciken da aka soma a farkon shekarun 2000 a jami'ar jihar Merilan ta Amurka, ƙarƙashin wani masanin ƙasa mai suna Ray Weil, tare da wani manomi na jihar Fensilbaniya mai suna Steve Groff, wanda ya yi ta gwada shi a gonarsa, daga baya ya shiga sayar da irinsa.

Aikin da yake wa ƙasa

Aikinsa na farko shi ne huda ƙasa. A Amurka manyan motocin noma masu nauyi suna danne gona har ƙarƙashinta ya zama kamar daɓe, saiwar masara ta kasa wucewa. Ana shuka radi a ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da ƙasa ke da danshi, saiwarsa ta ratsa wannan daɓe. Idan ya mutu ya ruɓe sai ya bar ramuka. Ruwan sama ya bi ramukan ya shige maimakon ya kwanta ko ya gudu, saiwar amfanin da aka shuka daga baya ita ma ta bi su ta kai ga danshin da ke can ƙasa.

Na biyu, yana tattara abincin tsiro da ya saura. Manoman can suna zuba takin zamani da yawa, abin da masara ba ta ci ba kuwa ruwa yakan tafi da shi cikin rijiyoyi da koguna. Radi yana zuƙe wannan sinadari, wanda ake kira azot, ya ajiye shi cikin jikinsa. Awon da aka yi a Merilan ya nuna yana iya tattara fiye da kilo 100 a hekta guda, watau fiye da abin da ke cikin buhu 4 na takin ire mai kilo 50. Idan ya ruɓe sai ya saki abin da ya tara kusa da bisa, inda sabuwar shuka za ta same shi.

Na uku, inuwar ganyensa tana hana haki fitowa. Na huɗu, yajin nan da ake ji a baki in an ci radi, idan ya fita cikin ƙasa lokacin ruɓewa, yana rage wasu cututtuka da ƙwari. Shi ne kuma yake sa gonar ta yi wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai na ɗan lokaci.

Abin da ya sa manoman can suka so shi ƙwarai shi ne ba sa wahalar kashe shi. Idan hunturu ya kama, sanyi ya kai wajen digiri 5 ƙasa da sifiri dare da yawa a jere, radi yakan mutu da kansa. Kafin lokacin shuka ya ruɓe sarai, manomi ya tarar da gona mai laushi, ba haki, ba sai ya sa garma ba.

Abin da ya bambanta Yelu

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya dogara ga wani hali na ƙasar da aka gwada shi, kuma yawancin halayen nan babu su a Yelu.

Da farko babu sanyin da zai kashe shi. Ko a tsakiyar ɗari, ruwa bai taɓa daskarewa cikin randa a Yelu ba. Saboda haka sai manomi ya sa hauya ya sare shi da hannunsa. In ya yi sakaci, radi zai yi fure ya zubar da ƴaƴa, ya koma haki a shekara mai zuwa.

Sa'an nan ga maganar lokaci da ruwa. Radi ba ya son zafi. A yankin Gaya lokacin da ya dace da shi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a wannan lokaci ba a ruwan sama ko ɗigo. A gonar tudu ke nan ba zai ko tsira ba. A garka kuwa sai an ba shi ruwa kamar kowane amfani. Bisa ƙiyasi, fili mai metir 10 tsawo da metir 10 faɗi yana bukatar wajen lita 500 kowace rana a lokacin ɗari. Cikin kwana 50 ya sha lita 25,000, watau ganga 125 mai lita 200. Wanda ke ja da guga ya san nauyin wannan a kafaɗarsa, mai injin ban-ruwa kuma ya san shi a kuɗin mai. Bugu da ƙari, watannin nan su ne mafi daraja ga mai garka, lokacin albasa da tumatir da salati da shu. Duk fangalin da aka ba radi an hana shi wani abin sayarwa.

Har ila yau radi ba ya ƙirƙiro taki. Abin da ya tarar cikin ƙasa shi yake tattarawa. A jigawar da ta gaji, wadda mai ita ba ya iya zuba mata ko buhu guda, babu abin da zai tattara, shi kansa zai fito a tsumbure. Jigawa kuma rairayi ce, ciwonta ba tauri ba ne, yunwa ce da rashin abin da zai riƙe mata ruwa.

Ga kuma bisashe. Da zarar hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, garkunan shanu da tumaki suna shiga ko'ina. Ɗanyen ganye a fili marar shinge cikin watan Janairu ba zai kwana biyu ba, kuma yana iya zama sanadin faɗa tsakanin manomi da makiyayi, abin da yankin nan ya sha fama da shi.

Na ƙarshe, tun da danginsu ɗaya da shu, tsutsotsin da ke cin shu suna cin radi. Wanda ya shuka shi kusa da fangalin shu ya yi wa tsutsa masauki. Haka kuma ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli, wasu ire-iren radi suna rage su, wasu kuwa suna ƙara musu yawa. Ba kowane irin da aka rubuta wa suna radi a jikin takarda ne magani ba.

Inda zai iya amfani

Duk da haka akwai wuraren da ya cancanci a gwada shi. A cikin fadama akwai ƙasar laka wadda shanu suka tattake tana da danshi, ta bushe ta yi tauri. Akwai gonakin da garmar shanu ke bi shekara da shekaru a zurfi guda, har ƙarƙashin inda bakin garma ke tsayawa ya daskare. Akwai garaken da ake zuba wa taki da yawa kowace shekara saboda albasa ko tattasai. Akwai kuma filin da ke tsakanin ƙananan itatuwan mangwaro da lemu, wanda ake ba ruwa ko da ma, kuma yana cikin shinge. A irin waɗannan wurare radi zai tarar da aikin da ya iya.

Kafin a sayi iri, manomi zai iya bincika gonarsa da kansa. Bayan an ba ƙasa ruwa ta jiƙa sosai, sai ya soka siririn ƙarfe a wurare da yawa. In ƙarfen yana tsayawa a zurfi guda ko'ina, akwai daɓe. Ko kuwa ya haƙa rami kusa da gindin dawa ko kuɓewa ya dubi saiwa. In ta nutse kai tsaye, ƙasar lafiya lau take. In ta kai wani wuri ta karkata gefe, ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta.

Wuri biyu ne bai kamata a kai shi ba ko don gwaji: inda ruwa ke kwanciya, domin saiwarsa ruɓewa take yi, da inda kanwa ko gishiri ke fitowa fari bisa ƙasa. Mutanen Dallol Mauri da na Dallol Foga, inda ake dafa gishirin foga tun kaka da kakanni, sun san wannan ciwo. Inda ruwan ƙasa yake kusa, rana tana jawo shi sama, ya bushe ya bar gishirinsa a bisa. Rufe ƙasa yana rage wannan, amma radi ba ya jure gishiri sosai. A nan shimfiɗa busasshen haki ko kara ya fi shi.

Yadda za a yi gwajin

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin da zai ba da amsa ta gaskiya ƙarami ne. A zaɓi fili a raba shi biyu daidai, a shuka radi a rabi, a bar ɗaya rabin yadda aka saba. Ma'aunin iri shi ne wajen kilo 10 a hekta, watau giram 100 ga fili mai metir 10 da metir 10. Dole ya zama irin fari dogo, domin ɗan ƙaramin ja ba shi da saiwar da za ta huda komi. A shuka shi da farkon sanyi, a zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Cikin kwana 3 zuwa 5 zai tsiro.

Bayan mako 7 ko 8, tun bai yi fure ba, a sare shi ƙasa da wuya kaɗan domin kada ya sake tohowa. Kada a tumɓuke saiwar, ita ce ma'aikaciyar. A shimfiɗa ganyen bisa fangalin, a ci gaba da yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan don ya ruɓe. Bayan mako 2 ko 3 a dasa abin da ake so, ban da shu. Kada a jinkirta fiye da haka, domin a ƙasa mai zafi ruɓewa tana da sauri, abin da radi ya tara zai iya salwanta tun ba a mora ba. Ganyen kuma ana cinsa kamar sauran ganyen miya, ana ba bisashe kaɗan gauraye da busasshen abinci, amma abin da aka ɗebe daga fangalin an rage wa ƙasa ke nan.

A nan ne ilimin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci zai yi rana. A samu littafi a rubuta ranar shuka, kuɗin iri, yawan ruwan da aka ba, kwanakin aiki, sa'an nan a auna abin da kowane rabi ya bayar. In ribar rabin da aka sa wa radi ba ta biya kuɗin iri da ruwa da wahala ba, an samu amsa, kuma ba a yi hasara mai yawa ba.

Suturar da ke gida

Babban darasin da ke cikin labarin radi shi ne ƙasa tana bukatar sutura da saiwa mai rai a cikinta. Manomin Yelu yana da abubuwan da ke wannan aiki tun kafin a ji sunan radi.

Wake shi ne na gaba. Irin mai yaɗo yana rufe ƙasa a tsakanin hatsi, yana tare bugun ruwan sama, kuma yana yin abin da radi ba ya iyawa: ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa suna kamo azot daga iska su sa cikin ƙasa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975 kuma take da tasha a Bengu cikin gundumar Gaya, ta fitar da ire-iren wake kamar TN5-78 mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. Sai dai in an tumɓuke wake da saiwarsa an kai harawa kasuwa, yawancin amfanin ya bar gonar. Yanke shi a bar saiwa cikin ƙasa, da mayar da takin bisashen da suka ci harawar, su ne ke sa gona ta samu rabonta. Dankali da kabewa da guna su ma suna rufe ƙasa da yaɗonsu.

Na biyu shi ne kara. A shekarun 1990 masu bincike na cibiyar ICRISAT ta Sadore, tare da wata jami'a ta Jamus, sun yi gwaji a wurare da yawa har da yankin Gaya. Sun gwada barin kilo 500 na kara a hekta da barin kilo 2,000. Inda aka bar mai yawa hatsi ya ƙaru, musamman a jigawa mai ƙarancin ruwa, kuma sun ga cewa hatsi ko dawar da ta biyo bayan wake ko gyaɗa ta fi wadda ake maimaitawa kowace shekara. Karan da ke kwance yana tare ƙurar da iska ta ɗauko, yana rage zafin ƙasa, gara kuma tana cinsa tana huda ƙasar da ramukanta. Matsalar ita ce kara yana da masu nema da yawa: darni, rumbu, murhu, turke, kasuwa. Ba kowa zai iya barinsa duka ba, amma ko sulusi aka bari a wuraren da suka soma zama faƙo, ya fi babu.

Maƙwabta na Benin ma suna da abin koyi. Daga wajen 1987 manoman lardin Mono, a kudancin ƙasar, suka soma shuka wani irin karara marar ƙaiƙayi, wanda ake kira mukuna, domin ya danne tofa da ta ƙwace musu gonaki. Ya yi aikin, kuma cikin shekarun 1990 manoma dubbai suka karɓe shi. Sun karɓe shi ne don ya warkar da ciwon da suke gani da idonsu. Sai dai kudancin Benin damana biyu gare shi a shekara, Yelu kuwa guda ce, saboda haka shi ma sai an gwada shi a gonar da aka yi niyyar hutarwa.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Akwai abubuwan da manomi shi kaɗai ba zai iya ba. Gwada ire-iren radi daban-daban, da sanin wanne ke rage tsutsar saiwa wanne ke ƙara ta, aikin tashar bincike ne da malaman gona, kafin a ce wa talaka ya sa kuɗinsa. Irin da zai shigo daga waje, ko ta gadar Malanbil ko ta iyakar Najeriya, ya kamata ya bi ta hannun ma'aikatan kare lafiyar tsirrai.

Maganar bisashe kuwa ta sarakuna ce da masu gari da ardo-ardo da kwamitocin kula da filaye waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Makiyayi yana da hakkin kiwo bayan girbi, kuma shanun da suka kwana a gona taki suke bar mata. Abin da ake bukata shi ne a zauna tun kafin ranar sakin gonaki a san wane fili ne aka keɓe, a yi masa alama ko shinge, kowa ya sani. Haka nan wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba zai kashe ƙarfinsa wajen gyara ƙasar da za a iya karɓewa baɗi ba, sai in an rubuta masa yawan shekarun da zai riƙe ta. Mutanen yankin nan sun riga sun ga misali a kan giginya. Tun da aka soma sa ƙauyuka cikin kula da ita a shekarun 1990, suna samun rabo daga amfaninta, sai manoma suka riƙa tsare ƙananan giginyu da ke tsirowa a gonakinsu.

Radi mai doguwar saiwa yana da ɗan gurbi a Yelu, cikin garka mai shinge, mai ƙasa mai tauri, a lokacin ɗari, bayan an gwada an auna. Gonakin tudu, waɗanda su ne ke cika rumbu, suturarsu wake ce da kara da taki da itatuwan da aka bari suka girma. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka shawarar abin da za a bar wa gona ana yanke ta ne tun ranar girbi. Allah ya ba da damana mai albarka, ya sa a bar wa na baya ƙasa mai rai, amin.